Koɗewar murjani

Koɗewar murjani yanayi ne da murjanin teku yake rasa launinsa ya koma fari fat, galibi saboda ruwan da yake ciki ya yi ɗumi fiye da yadda ya saba. Mai kallo zai ɗauka dutse ne ko reshen itace, amma murjani dabba ne: taron ƙananan halittu masu taushin jiki, kowace da baki ɗaya da 'yan hannuwa kewaye da shi, suna gina wa kansu mazauni da sinadarin alli. Gini bisa gini, cikin dubban shekaru, shi ke zama tudun murjani. Waɗannan tuddai ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi 25 cikin 100 na nau'o'in halittun teku sun dogara da su.

A cikin jikin murjani akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, suna zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. Shi yana ba ta masauki, ita kuma tana sarrafa hasken rana ta ba shi mafi yawan abincinsa, har da launinsa. Idan ɗumin ruwa ya ɗara na lokacin zafi da digiri 1 kacal, ya kuma jima makonni a haka, sai murjani ya kori baƙuwar tasa, farin allin ya bayyana ta cikin jikinsa. Bai mutu ba tukuna, yunwa yake ji. In ruwa ya huce da wuri gansakukar takan dawo. In zafin ya daɗe sai ya mutu, kifaye su watse.

Tushen matsalar ɗumamar yanayi ce, domin teku ke shanye kusan kashi 90 cikin 100 na rarar zafin duniya. Iskar kabon da yake sha kuma tana ƙara wa ruwan tsami, abin da ke wahalar da ginin allin.

An ga koɗewa ta game duniya a 1998, da 2010, da tsakanin 2014 zuwa 2017; a Afrilun 2024 hukumar NOAA mai kula da harkokin teku da yanayi ta Amurka ta tabbatar da ta huɗu. Babban tudun murjani na gabar Queensland a Ostareliya, mai tsawon kimanin kilomita 2,300, ya koɗe a 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024, alhali farfaɗowa kan ɗauki shekara goma ko fiye. Rahoton 2018 na IPCC, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, ya yi hasashen raguwar tuddan murjani da kashi 70 zuwa 90 cikin 100 idan zafin duniya ya ɗara na kafin zamanin masana'antu da digiri 1.5. Murjanin arewacin Bahar Maliya ya fi yawancin sauran jure zafi.

Jan murjanin da mata ke ɗaurawa a wuya wani nau'i ne daban na Bahar Rum. Ba shi da wannan gansakuka, kuma yawan haƙo shi ne ya fi cin ƙarfinsa.