"Kuɗin marayu": na wane ne, kuma wa zai fitar da zakkarsa?

Da azumi ya kama, kalmar nan "kuɗin marayu" sai ta cika gidajen rediyo. Ɗan siyasa ya raba shadda da shinkafa, a ce kuɗin marayu. A buɗe asusun tallafi, a ce kuɗin marayu. Har ta kai wasu sun ɗauka duk kuɗin da aka kira da wannan suna zakka ba ta hawa kansa. Wannan fahimtar tana ci mini rai, domin abubuwa biyu ne daban aka cusa cikin suna ɗaya.

A ce yayanka ya rasu ya bar yara uku. Kai kuma duk wata kana cire wani abu daga albashinka kana tarawa a banki, da niyyar biyan kuɗin makarantarsu. Allah ya saka maka. Amma muddin ba ka mallaka musu ba, muddin gobe idan ta matsa za ka iya cirewa ka yi cefane, to kuɗin naka ne. Niyya ba ta sauya mai dukiya. Za ka haɗa shi da sauran abin da ka mallaka, idan jimillar ta kai nisabi, wato kimar zinare giram 85, kuma shekara ta zagayo a lissafin wata, ka fitar da ɗaya bisa arba'in: naira dubu 1 a cikin kowace dubu 40.

Na biyu shi ne gadon da mahaifinsu ya bari, aka damƙa maka riƙo. Wannan ce dukiyar maraya ta gaskiya, wadda aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta ce masu cin ta da zalunci wuta suke zubawa a cikinsu. Tsoron ayar ne ke sa wasu kawunnai ƙin taɓa ko sisi, har da zakka. Na san tsoron Allah ne, amma a mazhabar Malikiyya da muke bi, haka ma wajen Shafi'iyya da Hanbaliyya, zakka haƙƙi ne da ke kan dukiyar kanta, ba a jiran yaro ya balaga. Waliyyi ne zai fitar. Hanafiyya ne suka ɗauke wa yaro zakkar kuɗi. A cikin Muwaɗɗa Imamu Malik ya ruwaito cewa Nana A'isha ta riƙi 'ya'yan ɗan'uwanta marayu a ɗakinta, tana kuwa fitar da zakka daga dukiyarsu.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne lissafi. Ba a auna gadon a dunƙule. Kowane yaro da rabonsa ake dubawa, don haka namiji mai kaso biyu yana iya kai nisabi ƙanwarsa ba ta kai ba. A cire daga nasa, a bar nata.

Sai mai riƙo ya ce, to idan ana cirewa duk shekara, me zai rage kafin su girma? Sayyidina Umar ya riga ya amsa, inda ya ce a yi kasuwanci da dukiyar marayu kada zakka ta cinye ta. Ni a ganina wanda ya kulle rabon yaro shekara goma a asusu, ga yadda darajar naira ke zaizayewa, bai gama sauke amana ba. A saya masa fili, ko tumaki, ko a ba amintaccen ɗan kasuwa ya juya, a rubuta, a kafa shaidu, domin ranar da za a miƙa masa kayansa Alƙur'ani ma cewa ya yi a kira shaidu.