Filtar IR a hoton duniyoyin Mushtari (Jupiter) da Zuhal (Saturn) da teleskop: ku karanta nan kahin ku sake tambaya

Mi wagga filta ke yi?
Tana tare hasken da ido ke gani, ta bar mai dogon zango da ake kira IR (infrared), daga nanomita 685 (ma'aunin zangon haske) zuwa sama. Motsin iska bai cika girgiza shi ba, sai hoto ya natsu.

In leƙa da ido?
A'a malam, ido bai gani sosai bayan 700. Kamara ake sa wa.

UV/IR cut da IR pass ba ɗaya ba ne?
Haba dai. Ta farko tana hana IR shiga, ta biyu, wadda muke magana a kanta, shi kaɗai take bari. Ka haɗa su, duhu za ka ɗauka.

Rana fa?
Kar ka kuskura! Za ka ƙone kamara, in ka leƙa kuma ido ya tahi.

Wacce zan saya, ta nanomita 685, 742 ko 850?
To nan ne sai a hankali, ya danganta. In teleskop naka ƙarami ne, faɗin madubinsa inci 4 zuwa 6, ni dai 685 zan ce, don duk sanda zango ya ƙaru haske na raguwa kuma ƙananan layukan Mushtari na dusashewa, 850 sai mai babban madubi da kamara irin ASI462MC da ke jin IR sosai. Amma hwa mu nan Gusau da Birnin Kebbi muna wajen digiri 12 ne arewa, duniyoyin na hawa kusan saman kai, dare mai kyau ma ba lallai ka buƙaci IR ba, wataƙila jar filta ta fi ba ka kaihi. Lokacin hunturu da hazo ya rufe sama IR na ɗan taimako, ban ce yana ratsa ƙura duka ba, in ta yi kauri ka tattara kayanka ka kwanta. 742 tsaka-tsaki ce, ta fi daɗi kan wata da Zuhura (Venus) tun magariba ba ta yi ba.

Hotona ya hito ba kala, na ɓata?
Kwantar da hankalinka, haka yake. Ɗauki bidiyon kala daban ka haɗa, amma kar ka wuce minti 2 zuwa 3, don Mushtari na juyawa a kan kansa cikin ƙasa da awa 10, in ka daɗe layukansa za su gauraye.

Ya yi dishi-dishi.
Ka sake saita fokas bayan sa filta? Ba ka yi ba, na sani.