Shirya Tarukan Kamfanoni a Abuja

Shirya taron kamfani shi ne tsara duk abin da zama ke buƙata, tun daga ranar da aka yanke shawarar yin sa har ranar da aka rufe lissafinsa: sa rana, kama zaure, aika gayyata, tsara ajanda, ciyar da mahalarta da rubuta abin da aka zartar. A manyan kamfanoni aikin yana wuyan sakataren kamfani da sashen hulɗa da jama'a, wasu kuma su ba da shi kwangila ga masu sana'ar shirya taro. Sana'ar ta yi ƙarfi a Abuja tun bayan da gwamnatin tarayya ta taso daga Legas ranar 12 ga Disamba 1991, domin nan ne ma'aikatu, Majalisar Dokoki ta Ƙasa, Babban Bankin Nijeriya da ofisoshin jakadanci suke. Kamfanin da hedikwatarsa ke Legas ko Kano, in yana son minista ko shugaban wata hukuma ya zauna a taronsa, yawanci Abuja yake kawo taron.

Ire-iren taruka da abin da doka ta ce

Taron kamfani iri biyu ne. Akwai wanda kamfani ke yi don ra'ayin kansa, kamar taron bita na ma'aikata, ƙaddamar da sabon kaya, taron manema labarai, baje koli da liyafar ƙarshen shekara. Akwai kuma wanda doka ta wajabta, wato taron daraktoci da babban taron shekara-shekara na masu hannun jari. Na farkon in ya lalace kunya ce kawai. Na biyun in aka saɓa ƙa'idarsa, ana iya zuwa kotu a rushe abin da aka zartar.

Dokar kamfanoni ta 2020, wadda aka fi sani da CAMA, ita ce ta shimfiɗa ƙa'idojin. Sabon kamfani yana da wata 18 daga ranar rajista ya yi babban taronsa na farko, daga nan kuma tazarar da ke tsakanin taro da taro ba ta wuce wata 15. Ana sanar da masu hannun jari kwana 21 kafin ranar, kuma kamfanin da ke sayar da hannun jarinsa ga jama'a sai ya buga sanarwar a jaridu biyu na kullum. Daraktoci kuwa kwana 14 ake ba su, sai in kundin kamfanin ya ce wani abu dabam. Ba a fara zama sai adadin da ake buƙata ya cika: sulusin mambobi ko mutum 25, duk wanda ya fi ƙanƙanta, in dai kundin kamfanin bai ƙayyade wani adadi ba. Wanda ba zai samu zuwa ba yana iya naɗa wakili ya kaɗa masa ƙuri'a. Dokar ta ɗauke wa ƙananan kamfanoni da masu mamallaki ɗaya nauyin taron shekara-shekara, ta kuma yarda kamfanonin da ba sa sayar da hannun jari ga jama'a su yi taronsu ta intanet. A 2023 aka faɗaɗa wannan dama ta haɗa da masu sayar da hannun jari ga jama'a.

Wannan lissafin kwanaki shi ne farkon abin da mai shiri ke rubutawa, kafin ya fara zancen kalar labule. Daga ranar taro ake ƙirgowa baya.

Sa rana

A Abuja babu abin da ke kashe taro kamar rana marar kyau, kuma yawancin abin da ke ɓata rana ba ya cikin kalandar ofis.

Juma'a rabin yini ce, ko an faɗa ko ba a faɗa ba. Daga sha biyu da rabi kujeru za su fara zama fayau, hanyoyin da ke kewaye da Babban Masallacin Ƙasa su cika, kuma da yawa daga waɗanda suka fita ba su dawowa, domin masu iyali a Kaduna, Jos ko Kano daga masallaci suke kama hanya. Litinin da safe kuma mutanen ba su gama dawowa ba. Shi ya sa Talata zuwa Alhamis suka fi dacewa da taro. Lahadi ba ta cikin lissafi, saboda masu zuwa coci.

Ranakun Sallah sun rataya ne ga ganin wata, wanda Sarkin Musulmi ke sanarwa, hutun kuma Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ke ayyana shi, sau da yawa ana saura 'yan kwanaki. Mai hankali yakan bar sarari kafin ranar da ake hasashe da bayanta. A watan azumi ana gajarta zama, a tashi kafin La'asar, in kuma akwai liyafa a mayar da ita buɗa-baki. Lokacin aikin Hajji manyan mutane da dama suna Makka. 'Yan majalisa suna dogon hutu daga wajen ƙarshen Yuli zuwa Satumba, don haka taron da ke neman shugaban wani kwamiti na majalisa ba a sa shi a Agusta. Ranakun 1 ga Mayu, 12 ga Yuni da 1 ga Oktoba hutu ne, kuma in za a yi biki a dandalin Eagle Square akan rufe hanyoyin wajen sakatariyar tarayya. A Disamba kuwa kamfani da masu biki ne ke kokawar zaure ɗaya, kuma masu biki sun riga shi kai kafin alƙalami.

Yanayi ma yana da nasa. Damina tana kamawa daga Afrilu zuwa Oktoba, da ruwa mai iska wanda ke iya ɗage rumfa, saboda haka liyafar fili tana buƙatar zaure a gefe. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan jinkirta jirage ko ya sa a soke su. Duk wanda jawabinsa ke da muhimmanci, a kawo shi ya kwana a gari.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin mai shiri. A Mayun 2014, da Abuja ta karɓi taron tattalin arzikin duniya kan Afirka, gwamnati ta rufe makarantu da ofisoshinta na birnin har kwana uku. A 2017 aka rufe filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe na mako shida don gyaran titin saukar jirage, aka karkatar da fasinjoji Kaduna. Kafin a buga kati, yana da kyau a tambayi manyan otal-otal ko akwai wani gagarumin taro a makon.

Wuri

Babban zauren birnin shi ne Cibiyar Taro ta Ƙasa da Ƙasa, wadda aka gina don taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka na 1991, aka gyara ta aka sa mata sunan Bola Ahmed Tinubu a 2025. Otal ɗin Transcorp Hilton da ke Maitama, wanda aka buɗe a 1987, shi ya saba karɓar taron ƙoli kan tattalin arzikin Nijeriya. Akwai Cibiyar Shehu Musa 'Yar'aduwa a tsakiyar gari, da tsohon Sheraton da yanzu ake kira Abuja Continental, sai ɗimbin matsakaitan zaure a Wuse, Garki, Jabi da Utako.

Girman suna ba shi ne ma'auni ba. Mutum tamanin a zauren mutum dubu sai taron ya yi kama da wanda aka ƙaurace wa, kuma hoton da zai fita a jarida kujeru zai nuna. Abin dubawa shi ne wurin ajiye motoci, ban-ɗaki, wurin alwala da masallaci, hanyar mai keken guragu, da ƙofar fita in wani abu ya faru. Sai kuma inda mahalarta za su fito. Ƙananan ma'aikata da yawa suna kwana ne a Nyanya, Mararaba, Kubwa ko Lugbe, kuma cunkoson safe a waɗannan hanyoyi ba ya jin lallashi. Taron ƙarfe takwas zalunci ne a kansu. Filin jirgi ma yana da tazarar kilomita kusan 40 daga tsakiyar gari.

In zaman na keɓewa ne, irin wanda shugabanni ke yi don tsara manufofin shekara, Abuja ba ta cika dacewa ba, domin kowa ofishinsa na kusa, sai a riƙa zamewa. Wasu kan tafi Jos, inda tudun da ya kai wajen mita 1,200 ke ba da sanyi, ga filin jirgin Yakubu Gowon a Heipang, ga kuma tsohuwar al'adar kwasa-kwasai saboda Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabaru ta Ƙasa da ke Kuru tun 1979. Wanda za a kai can a Disamba a gaya masa ya riƙo rigar sanyi.

Babban baƙo da babban teburi

Nan ne taron Abuja ya bambanta da na sauran garuruwa. Kati ya ce ƙarfe goma, zaure ya cika, sha ɗaya ta wuce, kujerar tsakiya ba kowa. Mai shiri yana bakin ƙofa da waya a kunne, mataimakin babban baƙo yana ce masa, "Yallaɓai, ga mu nan a hanya," alhali ana jin ƙarar na'urar sanyaya ofis a bayansa. A ciki sanƙira ya ƙare duk barkwancin da ya zo da shi.

Maganin abin a tsarin ajanda yake. Ana raba bikin buɗewa da ainihin aikin, yadda za a fara gabatar da maƙaloli ko rahoto a kan lokaci, in baƙo ya iso a dakata a karɓe shi, ya yi jawabi, a ɗauki hoto, a raka shi, a ci gaba. Ana kuma tambaya tun da wuri wa zai wakilce shi, domin minista kan turo babban sakatare, shi kuma ya turo darakta. Takardar gayyata ita kaɗai ba ta kawo babban mutum. Sai an bi ta ofishinsa, an san wanda ke riƙe da jadawalinsa, an tuna masa ana gobe.

Zaman babban teburi yana bin muƙami, kuma kuskure a nan ya fi daɗewa a zukata fiye da duk abin da aka faɗa a taron. A rubuta suna da laƙabi daidai: Alhaji, Hajiya, Injiniya, Farfesa, da sarautar mai sarauta. Basarake ba ya zuwa shi kaɗai, don haka a tanadi wurin fadawa da dogarai. Jero sunayen manya kuwa sau ɗaya ya isa, daga bakin mai jawabin maraba. In kowane mai magana zai sake bin su ɗaya bayan ɗaya da "ranka ya daɗe", rabin safiya ta tafi. Addu'ar buɗewa akan ba Musulmi da Kirista, ko ɗaya ya buɗe ɗaya ya rufe. Tun Mayun 2024 aka koma tsohon taken ƙasa, saboda haka a saurari abin da mai kayan sauti ya ɗora kafin mutane su miƙe tsaye.

Wuta da na'urori

Tambayar farko ga mai zaure ita ce janareta nawa gare shi, kuma wa ke sayen dizal. Ta biyu, in an ɗauke wuta, daƙiƙa nawa ake yi kafin ya kama. A wannan ɗan tsakanin majigi kan mutu, lasifika ta yi shiru, waɗanda ke bin taron ta Zoom su ɓace, sannan a ɗauki mintuna ana tayar da komai. Ƙaramin batirin ajiyar wuta a jikin majigi, na'urar sauti da ta intanet yana toshe wannan kafa, kuma kuɗinsa bai kai na furannin babban teburi ba. Intanet a tanadi layi biyu na kamfanoni dabam-dabam. Makirfo marar waya a ajiye masa sabon batir. Ana gwada komai ana gobe, a cikin zauren, da ainihin kwamfutar da za a yi aiki da ita. Shirin zaune ya fi na tsaye. In taron ya haɗa dillalai ko manoma daga jihohi, a nemi tafinta na gaske, kada a dogara da wani ma'aikaci don kawai yana jin Hausa.

Abinci da kasafi

Abin da aka saba shi ne shayi da safe, abincin rana wajen ƙarfe ɗaya zuwa biyu, a haɗa shi da hutun Azahar. Dafa-duka da soyayyiyar shinkafa ba sa faɗuwa, a ƙara tuwo ko sakwara, a kuma tuna da masu ciwon suga. A tabbatar naman yankan halal ne, giya kuma in za a kawo ta a liyafar dare a ware mata gefe. Adadin da ke kan takarda ba shi ne adadin bakuna ba: direbobi, 'yan sanda masu rakiya, 'yan jarida da masu ɗaukar hoto duk za su ci, kuma direban da aka bari da yunwa a mota shi ke sa maigidansa tashi da wuri.

A kasafi, farashin da otal ya faɗa a baki sau da yawa bai haɗa da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari da kuɗin hidima ba. A nemi jimillar a rubuce, tare da sharaɗin abin da za a mayar in an ɗage taro, da abin da za a caza in an shigo da abinci daga waje. Kuɗin mota da alawus na mahalarta a faɗe su a takardar gayyata, a biya ta banki, domin layin karɓar ambulan a bakin ƙofa yakan janye mutane daga zaman ƙarshe. Jakunkuna, riguna da manyan allunan talla su ne suka fi cin kuɗi ba tare da sun ƙara wa zaman komai ba, kuma nan ya kamata a fara yanka in aljihu ya matse.

Bayan an tashi

Sakatare yana rubuta bayanan zama tun abin yana sabo a ka: wa ya halarta, me aka zartar, wa aka ɗora wa, zuwa yaushe. Bayanan da shugaban zama ya sa wa hannu hujja ne a gaban doka. Kamfanin da ya yi babban taron shekara yana da kwana 42 ya miƙa rahotonsa na shekara ga Hukumar Rajistar Kamfanoni, wadda hedikwatarta ke Maitama. Taron da ya haɗa ɓangarori da yawa kuma yakan fitar da sanarwar bayan taro, wadda ya fi kyau a karanta ta a amince da ita kafin a watse. Daga nan sai tattara rasit, biyan ragowar kuɗin masu abinci da masu kayan sauti, da aika wasiƙar godiya ga ofishin babban baƙo, ko da wakili ya turo.