Hanyoyin binciken sankarar babban hanji da bambancinsu

Binciken sankarar babban hanji da dubura gwaji ne da ake yi wa mutumin da yake jin kansa garau, domin a kama cutar tun tana ƙarama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 fiye da mutum miliyan 1.9 suka kamu da ita, ta kuma kashe sama da 930,000. Galibi tana somawa ne da ɗan tsiro a jikin bangon hanji, wanda yakan kai shekara 10 ko fiye kafin ya rikiɗa ya zama sankara. Idan aka cire tsiron a wannan tsakanin, an tare cutar tun kafin ta kafu.

Gwajin bayan gida

Tsohon gwajin da ake kira gFOBT yana neman ɓoyayyen jini a cikin bahaya. Matsalarsa ita ce ba ya bambanta jinin mutum da na dabba, shi ya sa ake hana mai gwajin jan nama na wasu kwanaki, ba tsire ba balangu, kuma sai an ɗebi bahaya har sau uku. Duk da haka ya yi amfani: wani bincike da aka yi a Minnesota ta Amurka, aka wallafa a 1993, ya nuna cewa yin sa kowace shekara ya rage mace-macen da cutar ke jawowa da kashi 33 cikin ɗari.

Gwajin FIT ne ya gaje shi. Jinin ɗan Adam kaɗai yake ganewa, don haka babu ƙaurace wa wani abinci. Mutum zai shafi bahayarsa da ɗan tsinken da ke manne da murfin kwalba, ya mayar ya rufe, ya kai ɗakin gwaji. Kada kwalbar ta daɗe a hannu, domin zafi yana lalata jinin da ake nema. A gwaji guda FIT kan gano kusan uku cikin huɗu na masu sankara, amma tsiron da bai soma zubar da jini ba yakan kuɓuce masa. Saboda haka ake maimaita shi duk shekara ko duk shekara biyu. A Ingila ta gidan waya ake aika wa mutane shi har gida.

Akwai kuma wanda yake haɗa neman jini da neman alamun ƙwayoyin halittar sankara, wato Cologuard, da aka amince da shi a Amurka a 2014. Ya fi FIT kama cutar, amma ya fi shi tsada da yawan nuna alamar cuta ga mai lafiya.

Duba hanji da kyamara

Kolonoskofi shi ne a zura siririyar tiyo mai kyamara ta dubura a duba babban hanji daga farko har ƙarshe. Fifikonsa a fili yake, domin likita yana ganin tsiron da idonsa, ya yanke shi nan take. Idan ba a ga komai ba, sai bayan shekara 10. Wahalarsa tana jajibirin gwajin: a bar abinci mai nauyi, a sha maganin wankin ciki mai yawa, a yi ta zaryar banɗaki har abin da ke fita ya koma ruwa. Ana yin allurar kwantar da jiki, don haka sai da ɗan rakiya. Jefi-jefi akan samu zubar jini ko hujewar hanji. Sigmoidoskofi, wanda shi ma da tiyo mai kyamara ake yi, ƙarshen hanjin kawai yake dubawa, shi kuwa hoton CT, wato hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka, yana nuna tsiro amma ba ya cire shi. Duka biyun duk shekara 5 ake yin su.

Wani babban bincike a Turai da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa kashi 42 cikin ɗari ne kawai na waɗanda aka gayyata kolonoskofi suka amsa. Ke nan ƙarfin gwaji kaɗai ba ya isa, dole a duba wanda mutane za su yarda su yi.

A Jos da Abuja

Nijeriya ba ta da tsarin da ke kiran duk wanda ya kai shekaru ya zo gwaji. Ana yin kolonoskofi a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, amma ƙwararru kaɗan ne, kuma yawanci daga aljihu ake biya. A irin wannan hali FIT ya fi dacewa a fara da shi, da sharaɗi guda: duk wanda aka ga jini a nasa, lallai a yi masa kolonoskofi. Jinin yana iya zama na basir ko na tsutsar ciki, amma kyamara ce kaɗai za ta raba gardama.

A Amurka an sauko da shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45 a 2021. Wanda mahaifinsa, mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na ciki ɗaya ya yi cutar, akan ba shi shawarar kolonoskofi tun yana ɗan shekara 40, ko shekara 10 kafin shekarun da aka gano ta jikin ɗan'uwan. Wanda kuwa ya riga yana ganin jini a bahaya, ko yana rama, ko yanayin bayan gidansa ya sauya na makonni, ya wuce matakin wannan bincike. Abin takaici, da yawa a nan ne suke shafe watanni suna shan jiƙon basir, alhali likita ya kamata ya duba hanjinsu kai tsaye.