Tekila tsohuwa mai arha: yadda masana ke gane ta gaske idan an sha ta zalla

Mece ce tekila tsohuwa?

Tekila barasa ce ta ƙasar Meksiko da ake tacewa daga shuɗin agabe, tsiron da ke ɗaukar shekara 5 zuwa 8 kafin ya nuna. Ana sare ganyensa, a dafa gindin mai kama da ƙatuwar abarba, a matse, a bar ruwan ya yi tsami, sannan a tace sau biyu. Tun 1974 doka ke kare sunan, wanda aka keɓe ga jihar Jalisco da wasu sassa na jihohi huɗu. Wadda ta kwana a gangar katako aƙalla wata 2 ita ce reposado. Añejo, wato tsohuwa, sai ta cika shekara 1 a gangar da ba ta wuce lita 600 ba, extra añejo kuwa shekara 3.

Ta yaya wadda ta shekara a ganga za ta yi arha?

Nan ne ake yawan yaudarar mai saye. Wasu kamfanonin suna samar da ita da yawa ne kawai, kuɗinta ya sauko, kuma babu laifi a hakan. Wasu kuma suna cire agabe tun bai nuna ba, su zuƙe sukarinsa da injin da ake kira difusa maimakon gasa shi a tanda kwana ɗaya ko biyu. Abin da ke fitowa lami ne, sai a rufe da kayan gyara. Doka ta yarda a ƙara launin karamel (ƙonannen sukari), da ruwan katako, da gilisarin mai ƙara kauri, da ruwan sukari har kashi 1 cikin 100, kuma wannan ɗan kaɗan ya isa ya sauya ɗanɗano gaba ɗaya. Don haka duhun launi ba ya nuna tsufa.

Me ake dubawa a jikin kwalba?

Rubutun "100% de agave". Idan babu shi, gauraye ce, wadda doka ta nemi kashi 51 kawai na sukarinta ya zama na agabe. Sai lambar NOM mai lamba huɗu, wadda ke nuna masana'antar da ta tace ta.

Yaya ake ɗanɗana ta zalla?

Ba ƙanƙara, ba gishiri, ba lemon tsami, domin sanyi na danne ƙamshi. Ana zuba kamar mililita 30 a kofin gilashi mai faɗin ciki da tsukakken baki, a bar ta minti 5 zuwa 10 hucin barasar ya lafa. Mai ɗanɗano yakan kawo hanci a hankali, baki a ɗan buɗe. Wanda ya cusa hanci ya ja da ƙarfi zafi kawai zai ji, hancin ya mutu na ɗan lokaci. Kurɓin farko ɗan mitsitsi ne don harshe ya saba, na biyu ne ake yi wa hukunci. Idan zafin ya yi yawa, ɗigo biyu na ruwa na buɗe ta. Ƙarfinta yakan kai kashi 35 zuwa 40, wato kofin nan ɗaya mai kashi 40 na ɗauke da kusan giram 9.5 na tsantsar barasa, kuma tana bugarwa da sauri.

Wane ɗanɗano ke nuna mai kyau?

Yawancin gangunan tsofaffin gangunan wuskin Amurka ne, su ke ba da ƙamshin banila da kirfa. Amma dole a ji gasasshen agabe a ƙarƙashi, mai kama da dankalin Hausa da aka gasa, da ɗan yajin masoro. Ta tsaunukan Los Altos na jihar Jalisco ta fi zaƙi, ta kwarin garin Tequila ta fi ƙamshin ƙasa da ganye. Idan ƙamshin ya zama kamar na alewa, zaƙin ya maƙale a harshe, leɓe ya yi danƙo bayan an haɗiye, to an sa mata hannu. Ɗaci mai busar da baki kuma alama ce ta katakon da ya rinjayi agaben.