Man shafawa mai sitiroyid da raunin tsoka

Man shafawa mai sitiroyid magani ne da ake shafawa a fata domin kwantar da kumburi da ƙaiƙayi. Ƙarfinsa hawa-hawa ne: hydrocortisone na kashi 1 cikin 100 yana cikin masu sauƙi, betamethasone ya fi shi ƙarfi, clobetasol propionate na kashi 0.05 kuwa yana sahun mafi ƙarfi. Ba shi da alaƙa da sitiroyid ɗin da masu ɗaga ƙarfe ke sha don gina jiki. Na shafawar dangin kotisol ne, sinadarin da wasu ƙananan halittu biyu da ke saman ƙoda ke samarwa.

Idan an shafa shi yadda likita ya tsara, a ɗan wuri, na mako ɗaya ko biyu, ba ya rage tsoka. Ɓarnarsa ta kusa a fata take tsayawa: fatar ta yi siriri, ƙananan jijiyoyin jini su bayyana, nankarwa mai faɗi ta fito a cinya ko hammata. Wannan siririn fata ne wasu ke ɗauka tsoka ce ta zube.

Tsoka tana taɓuwa ne idan maganin ya ratsa cikin jini da yawa, tsawon watanni. Abin da ke ƙara ratsawar shi ne man shafawa mai ƙarfi, shafe jiki gaba ɗaya, fata mai rauni, ko rufe wurin da leda ko bandeji. Fuska, fatar ido da matse-matsi sun fi tafin hannu tsotsa nesa ba kusa ba. Jariri ya fi kowa haɗari, domin kunzugu kansa rufi ne. Saboda wannan ratsawar, ƙa'idar clobetasol ko ga babba ita ce kada a wuce giram 50 a mako. Abin da aka matso daga kan yatsa zuwa gaɓar farko kusan rabin giram ne, ya isa wuri mai faɗin tafi biyu.

Idan sitiroyid ya yi yawa a jini, yana rushe furotin ɗin tsoka, ya kuma hana gina sabo. Tsokar cinya da ƙugu ke fara sanyi, sannan kafaɗa, galibi ba tare da ciwo ba: mutum ya kasa tashi daga tabarma sai ya dafa ƙasa, hawa bene ya zama aiki. Yakan zo tare da cikar fuska, teɓa, hawan jini da hauhawar suga, wato ciwon Cushing.

A ƙasar Hausa babbar ƙofar wannan matsala ita ce man bilicin, domin da yawa ana haɗa su da clobetasol, a shafe jiki safe da yamma shekara da shekaru, wani lokacin ba a ma rubuta sunan maganin a jikin robar ba.

Wanda ya daɗe yana shafawa kada ya daina kwatsam, domin jikinsa ya rage samar da nasa kotisol. Idan ya yi haka, zai iya faɗuwa da jiri, amai da saukar jini, wato kishiyar hawan jini. Likita kan auna kotisol na safe, ya rage maganin sannu a hankali. Ƙarfin tsoka yana dawowa cikin makonni zuwa watanni, nankarwa kuwa ba ta gogewa gaba ɗaya.