Jinkirtacciyar karkarwa a sintesaiza ta analog

Jinkirtacciyar karkarwa dabara ce ta saita sintesaiza, na'urar kiɗa mai haɗa sauti da wutar lantarki, yadda amo zai fito tsaye cak da farko, sai bayan ɗan lokaci ya soma rawa. Sassa biyu na na'urar ne ke haɗuwa su yi wannan aiki: LFO, wato osileta (sashen da ke sa wutar lantarki kaɗawa) mai kaɗawa a hankali, da ambulan, sashen da ke tsara hawa da saukar wutar sarrafawa tun daga lokacin da yatsa ya danna maɓalli. Asalin dabarar kwaikwayo ne. Mawaƙi ko mai goge ba ya fara amo da karkarwa. Yakan kama shi daidai tukuna, in amon ya yi tsawo sannan ya girgiza shi. Na'urar da ke karkarwa tun farkon kowane amo kuwa, kunne na jin ta ya san inji ne.

Yadda take aiki

LFO na kaɗawa ƙasa da sau 20 a sakan guda, saurin da kunne ba ya ɗauka a matsayin sauti. Amfaninta shi ne motsa wani sashe. In aka tura ta ga osiletar da ke samar da sauti, amo zai riƙa hawa da sauka kaɗan-kaɗan, shi ne bibirato. In ga amfilifaya aka tura ta, ƙarfin sautin ne zai riƙa ƙaruwa da raguwa, shi ne tiremolo. In kuma filta ce, wato matatar sauti, sautin zai riƙa buɗewa da rufewa. Bibirato mai kama da na muryar mutum yana tsakanin kaɗawa 5 zuwa 7 a sakan.

Ambulan da aka fi sani shi ne ADSR mai matakai huɗu: hawa, saukowa, tsayawa da saki. Robert Moog ne ya sa shi a na'urorinsa a shekarun 1960, bisa shawarar Vladimir Ussachevsky na cibiyar kiɗan lantarki ta Columbia-Princeton da ke New York.

Wurin da masu koyo suka fi rikicewa shi ne zaton LFO ake tsayarwa. A yawancin na'urori ba ta tsayawa ko kaɗan. Zurfin tasirinta ake jinkirtawa. Ana sa wata amfilifaya mai bin wutar sarrafawa, VCA, tsakanin LFO da inda za ta je, sai ambulan ya zama mai tsaron ƙofa. Lokacin da aka danna maɓalli ƙofar a rufe take, sai ta riƙa buɗewa sannu-sannu gwargwadon tsawon matakin hawa. Dole a ɗaga matakin tsayawa sosai, in ba haka ba karkarwar za ta zo ta wuce alhali yatsa na kan maɓalli. Akwai masu yin hakan da gangan.

Wutar da ake bukata ba ta da yawa. A tsarin Moog, bolt ɗaya na ɗaga amo oktaf guda, wato rabin mataki sau goma sha biyu, kowane rabin mataki ke nan ya kama kusan milibolt 83. Bibirato mai sauka da hawa rubu'in wannan bai wuce milibolt 20 da ɗoriya ba, alhali LFO na iya fitar da bolt da dama. Shi ya sa in ba a rage ƙarfinta ba sai a ji kukan jiniya.

Jira daban, shigowa a hankali daban. Jira shi ne lokacin da babu karkarwa sam, shigowa kuma lokacin da take ɗauka kafin ta cika. Na biyun ya fi muhimmanci ga kunne, domin karkarwar da ta faɗo gaba ɗaya bayan jira ta fi wadda ba a jinkirta ba muni.

Na'urori

Minimoog na 1970 ba shi da LFO ta musamman. Osileta ta uku ake rage wa gudu ta yi aikin, makaɗi kuma ya shigo da karkarwar da hannun hagu ta hanyar wilin da ke gefen maɓallai. Korg MS-20 na 1978 yana da ambulan biyu, na farkon yana da mamurɗin jira, da na hawa da na saki, ga kuma VCA a allon soke wayoyi, don haka da 'yan wayoyi ake haɗa dabarar. Roland ya sauƙaƙa abin a Juno-60 na 1982 da Juno-106 na 1984, inda sanda ɗaya mai zamewa ta saita jinkiri ke kusa da ta sauri a sashen LFO. Sauƙin na da farashi: LFO guda ce ke yi wa muryoyi shida aiki, wato amo shidan da na'urar ke iya fitarwa lokaci guda, kuma jiran ba ya komawa farko sai an saki dukkan maɓallai. Wanda ya riƙe amo da hagu yana bin waƙa da dama, kowane sabon amo zai tarar da karkarwa ta riga ta cika.

A bukukuwan Hausawan Sudan

A garuruwan da Hausawa suka daɗe da zama, irin su Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, da Gadarif da Kasala da unguwannin Omdurman, na'urar maɓallai da ake kira org ta samu wurin zama a kiɗan biki. Galibinsu na dijital ne, ba analog ba, amma sun gaji dabarar. Ƙa'idar General MIDI 2 ta 1999, mai daidaita lambobin sarrafa na'urorin kiɗa na dijital, ta ware lamba 76 ga saurin bibirato, 77 ga zurfinsa, 78 ga jinkirinsa.

Dalilin da ya sa saitin ke da tasiri a nan yana cikin kiɗan kansa. Yawancin waƙoƙin tsakiyar Sudan a kan ma'auni mai amo biyar suke tafiya, kuma mai org sau da yawa yana maye gurbin masu kamanja (goge irin na Turawa) da akodiyon da saksafon na manyan ƙungiyoyin kiɗa. Aikinsa ya amsa wa mawaƙi da gajerun amo masu gudu, sannan ya ja na ƙarshen jimla. Gajerun na son tsabta, dogon na son karkarwa, jinkiri kuma shi ke raba su ba tare da hannu ya bar maɓalli ba. Lissafin ba wuya: a waƙa mai bugu 120 a minti, bugu ɗaya rabin sakan ne, rabin bugu kuma rubu'in sakan. Jiran da ya kai sulusin sakan zai bar masu rabin bugu su wuce tsaf, ya kama waɗanda suka kai bugu ko fiye. In kiɗa ya yi zafi aka ƙara gudu, sai a rage jiran, in ba haka ba har a tashi ba za a ji karkarwa ba.

Mai riƙe da analog ta gaske yana da ƙarin damuwa, wato zafi. Osiletocin VCO, masu bin wutar sarrafawa, na kaucewa daga saiti idan zafin jikin na'ura ya sauya, don haka ake kunna ta da wuri a bar ta ta ɗumama kafin a daidaita ta da sauran kayan kiɗa. Wasu makaɗa na ƙara zurfin karkarwa don ɓoye kaucewar, amma jinkiri na tona asirin wannan, tunda farkon kowane amo tsirara yake fitowa. Juno ba ya fama da matsalar sosai, domin agogon dijital ne ke riƙe da saitin osiletocinsa.